Fasfon Ireland A Bakin Jirgin Ruwa: Fashin Baƙi Kan Biza Da Allurar Rigakafi

Me zai sa a tsayar da mutum a bakin jirgin ruwan yawon shaƙatawa a ce ba zai hau ba, alhali ya biya kuɗinsa cif, kuma a hannunsa akwai fasfon Ireland, wanda ake lissafawa cikin mafiya ƙarfi a duniya? Kuma me ya haɗa allurar rigakafi da fasinjan da ya ce shi ko sauka ba zai yi ba idan an tsaya a wata tasha?

Tambayar ta ƙara zafi a 2025, domin a shekarar ne abubuwa uku suka zo a jere. A watan Afrilu Birtaniya ta fara neman izinin shiga na intanet daga Turawa. A ƙarshen Satumba Amurka ta ƙara kuɗin nata izinin. A ranar 12 ga Oktoba kuma ƙasashen yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da suka ɗauke binciken iyaka a tsakaninsu, suka fara ɗaukar hoton yatsu da na fuskar baƙi a kan iyakokinsu. Labaran suka cakuɗe, wasu suka razana a kan abin da bai shafe su ba, wasu suka saki jiki a kan abin da zai iya hana su tafiya. Maganar ta shafi namu ma, domin 'yan Najeriya na cikin manyan al'ummomin Afirka da ke zaune a Ireland, kuma da yawansu sun karɓi takardar zama 'yan ƙasa.

Abin da ya bambanta wannan tafiya da ta jirgin sama

Mai hawa jirgin sama daga Dublin zuwa Roma ƙasa ɗaya ya nufa, dokar ƙasa ɗaya zai bincika. Jirgin ruwan yawo kuwa otal ne mai tafiya. A kwana da dare ana kan teku, gari ya waye a wata ƙasa, a sauka a zaga gari, a dawo kafin magariba, washegari kuma a wata ƙasar. A cikin mako guda ana iya taɓa ƙasa huɗu ko biyar. Kowace tasha iyaka ce mai zaman kanta, da jami'anta na shige da fice da na lafiya.

Kafin jirgi ya iso, kamfani ya riga ya tura wa hukumomin tashar jerin sunayen duk wanda ke ciki. A idon ƙasashe da dama, da zarar jirgi ya shiga ruwansu ya ɗaure igiya, duk wanda ke cikinsa ya shigo ƙasar, ko yana kwance a ɗakinsa. Shi ya sa hujjar "ni ba zan sauka ba" ba ta cika yin aiki ba. Idan aka samu fasinja ba shi da takarda, kamfanin ne zai sha tara ko a jinkirta masa sallamar jirgi. Saboda haka kamfani ba ya jiran a je can. Tun a teburin rajista na tashar farko yake tantancewa, kuma wanda takardunsa ba su cika ba a nan za a bar shi da jakarsa.

Yawancin 'yan Ireland ma ba a gida suke hawa ba. Jirage na zuwa Cobh da Dublin da Belfast, amma galibi baƙi suke kawowa. Mai son yawo yakan tashi ta sama zuwa Barcelona, ko Civitavecchia da ke kusa da Roma, ko Southampton, ko Miami. Ke nan akwai dokar ƙasar da za a sauka ta sama, da dokar tashoshin hanya, da dokar ƙasar da za a kammala, sannan ga ƙa'idar kamfanin shi kansa, wadda sau da yawa ta fi ta gwamnatocin tsauri.

Turai da Birtaniya: inda ɗan Ireland ba shi da damuwa

Ireland na cikin Tarayyar Turai tun 1973, amma ba ta cikin yankin Schengen. Nan ne ruɗanin ya samo asali. Wasu sun ɗauka tunda ƙasar ba ta cikin Schengen, sabon tsarin ɗaukar hoton yatsu da izinin shiga na intanet mai suna ETIAS da ake shirin kawowa za su hau kan 'yan ƙasarta. Ba haka ba ne. An yi waɗannan tsare-tsare ne domin waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba. Ɗan Ireland zai nuna fasfonsa a Sifen ko Italiya ko Girka ya wuce, ba biza, ba ƙidayar kwana 90 da ake yi wa baƙi 'yan waje.

A Birtaniya ma haka, amma ta wata hanyar daban. Tun shekarun 1920 akwai tsarin zirga-zirga na bai-ɗaya tsakanin ƙasashen biyu, kuma an sake jaddada shi a rubuce a 2019 kafin Birtaniya ta fice daga Tarayyar. Ɗan Faransa ko Jamus yanzu sai da izinin ETA zai hau jirgi a Southampton, ɗan Ireland kuwa ba ruwansa da shi.

Tarkon da ke nan shi ne ɗan katin fasfo da Ireland ta fito da shi a 2015. Yana aiki a Tarayyar Turai da Norway da Iceland da Switzerland da Birtaniya. To amma yawon Bahar Rum ba kasafai yake tsayawa a cikin Tarayyar kaɗai ba. Yakan leƙa Kusadasi ko Istanbul a Turkiyya, ko Tangier a Maroko, ko Tunisiya, ko Masar. Can sai littafin fasfo. Kamfanoni da yawa ma ba sa karɓar katin ko da hanyar ba ta fita Turai ba, saboda guguwa ko rashin lafiyar fasinja na iya tilasta wa jirgi ya ratse zuwa tashar da ba ta cikin tsari. Dalilin da ya sa suke neman fasfon da ya rage masa wata shida bayan ranar dawowa ke nan, ko da dokar Turai ba ta nemi haka daga ɗan Tarayyar ba. Iyaye su lura da cewa fasfon babba shekara 10 yake yi, na yaro kuwa shekara 5 kacal, kuma na yaran ne ake yawan mantawa.

Akwai kuma matsalar karanta shawarar da ba don kai aka rubuta ba. Mafi yawan bayanan da ke intanet kan wannan harka don Amurkawa ko 'yan Birtaniya aka yi su. Ba'amurke na iya yin yawon da ya tashi daga Miami ya dawo Miami da takardar haihuwa da katin shaida kawai. Wannan rangwame nasu ne su kaɗai.

Amurka: inda tarihin tafiye-tafiyenka ke biyo ka

Ɗan Ireland ba ya buƙatar biza don ziyarar Amurka ta kwana 90, amma dole ya nemi izinin ESTA ta intanet, aƙalla awa 72 kafin tafiya. Izinin na yin shekara 2, ko zuwa ranar da fasfo ya ƙare idan ita ce ta riga zuwa. Kuɗinsa ya tashi daga dala 21 zuwa dala 40 a ranar 30 ga Satumba, 2025. Wanda ya sabunta fasfo sai ya sake nema, domin izinin na manne ne da lambar fasfon. Kuma ba sai jirgin ya tashi daga Florida ba: Puerto Rico da tsibirin St Thomas duk ƙasar Amurka ce, tsayawar wuni ɗaya a cikinsu ta wajabta izinin.

Abin da ya fi muhimmanci, kuma aka fi rashin sani, shi ne ba kowane mai fasfon Ireland ne ya cancanci ESTA ba. Duk wanda ya shiga Kyuba daga ranar 12 ga Janairu, 2021 ya fita daga tsarin. Haka ma wanda ya shiga Iran, Iraƙi, Libiya, Koriya ta Arewa, Somaliya, Sudan, Siriya ko Yaman daga ranar 1 ga Maris, 2011, da wanda ke riƙe da ɗan ƙasancin Iran, Iraƙi, Koriya ta Arewa, Sudan, Siriya ko Kyuba tare da na Ireland. Ba a hana su shiga Amurka ta wannan ƙa'ida ba, amma sai sun nemi cikakkiyar biza a ofishin jakadanci, su biya dala 185, su zauna a yi musu tambayoyi, kuma samun ranar ganawar na iya ɗaukar lokaci.

Ga Baturen Ireland, Kyuba ce ke yawan kama shi, don wurin hutu ne da Turawa ke so. Ga namu kuwa, Sudan da Libiya ne. Wanda ya je ganin dangi a Khartoum ko Kassala, ko ya yi karatu a can, ko hanyarsa ta zuwa Turai ta bi ta Libiya bayan 2011, sabon fasfonsa bai share wannan tarihi ba. Fom ɗin na tambaya kai tsaye, kuma amsar ƙarya laifi ce da za ta iya rufe wa mutum ƙofar Amurka gaba ɗaya. Ni a ganina gara a yi asarar rangwamen tikiti a jira biza, da a ɓoye abin da wata rana zai fito.

Ƙidayar kwana 90 ma na da nata lauje. Fita zuwa Kanada ko Meziko ko tsibiran Karibiyan a dawo ba ta sabunta ƙidayar. Mai haɗa doguwar ziyarar dangi a Amurka da yawon jirgi ya lissafa su a matsayin zama ɗaya.

Sauran ƙasashe, kowace da salonta

Kanada na neman izinin eTA daga ɗan Ireland idan ta sama ya shigo, kan dalar Kanada 7. Idan ta ruwa ne ba ta nema. Saboda haka mai zuwa yawon Alaska da zai sauka a filin jirgin Vancouver yana buƙatarsa, wanda ya hau a Seattle aka tsaya Victoria kuwa ba ya buƙata. Tsayawar nan ta Kanada ba don ganin gari kaɗai ake yi ba. Wata dokar Amurka ta 1886 ce ta hana jirgi mai tutar waje ɗaukar fasinja tsakanin tashoshin Amurka ba tare da ya taɓa wata ƙasa ba, kuma kusan duk manyan jiragen yawo tutar waje suke ɗauke da ita.

Ostireliya na ba 'yan Ireland bizar eVisitor kyauta, amma dole a neme ta kafin a tashi. New Zealand tun Oktoban 2019 take neman izinin NZeTA daga fasinjojin jiragen yawo, tare da harajin baƙi da ya koma dalar ƙasar 100 a Oktoban 2024. Indiya ce aka fi sani da tsauri: biza dole, ko an yi niyyar sauka a Mumbai ko Cochin ko ba a yi ba. Sin ta ɗauke wa 'yan Ireland biza a Maris na 2024, da farko na kwana 15, daga baya ta mayar 30, sai dai rangwame ne mai wa'adi da ake sabuntawa, ba yarjejeniya ta dindindin ba. Barazil da Afirka ta Kudu ba sa neman biza don gajeriyar ziyara. A wasu tashoshin jirgin ne ke karɓar izinin sauka a madadin kowa ya saka kuɗin a lissafin ɗaki, amma wannan sai kamfani ya faɗa a rubuce, ba abin da za a ɗauka da ka ba ne.

Gida ɗaya, fasfo iri biyu

Duk abin da aka faɗa a sama na mai fasfon Ireland ne. Mai katin izinin zama a Ireland da fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana lissafinsa daban, ko da ya shekara goma a Dublin yana biyan haraji. Da yake Ireland ba ta cikin Schengen, katin zamanta ba ya buɗe ƙofar Sifen ko Italiya. Sai an nemi bizar Schengen, wadda kuɗinta ya koma Yuro 90 a Yunin 2024. Kuma a nemi mai shiga fiye da sau ɗaya, domin jirgin da ya tashi daga Athens ya tsaya Turkiyya ya dawo tsibirin Girka ya fita yankin ne ya sake shiga. Birtaniya ma biza take nema, ko da Belfast ce da ake zuwa a mota cikin awa biyu. Kanada na neman tata ko da mutum ba zai sauka a Victoria ba. Amurka kuwa tun Yulin 2025 ta mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya mai wata uku, daga baya kuma ta ƙara tsaurarawa.

Akwai sassauci guda da ya kamata a sani. Mata ko mijin ɗan Ireland, da 'ya'yansu, idan tare za su tafi wata ƙasar Tarayyar Turai, dokar Tarayyar ta ce a ba su biza kyauta kuma cikin hanzari. Biza dai sai an nema, kuɗin ne da jan layin aka ɗauke.

Haihuwa a Ireland ma ba ta wadatar ba. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 2004, daga 1 ga Janairu, 2005 ɗan da aka haifa a ƙasar ba ya zama ɗan ƙasa kai tsaye, sai an duba matsayin iyayensa. Saboda haka a gida ɗaya za ka iske wa na da fasfon Ireland, ƙane na da na Najeriya. Wanda kuma bai daɗe da yin rantsuwar zama ɗan ƙasa ba ya sani cewa da takardar shaidar ba a tafiya, sai ya nemi fasfo, kuma neman farko ya fi sabuntawa daɗewa.

Katin shawara: allura ɗaya da doka ta tsaya a kanta

Idan aka zo batun rigakafi, mutane kan haɗa abu biyu da ba ɗaya ba: allurar da ƙasa ke tilastawa kafin a shiga, da allurar da likita ke ba da shawarar a yi don kare kai. A rukunin farko, wadda ta shafi mai yawon jirgi kusan ita kaɗai ce ta zazzaɓin shawara. Dokokin lafiya na ƙasa da ƙasa na 2005 sun ba kowace ƙasa ikon neman shaidarta, wato katin nan mai ruwan ɗorawa da duk wanda ya taɓa fita daga Najeriya ya sani. Katin na fara aiki kwana 10 bayan allura. Da can shekara 10 yake yi, amma daga 11 ga Yuli, 2016 ya zama na tsawon rai, har da waɗanda aka bayar kafin ranar.

Sauro ne ke yaɗa cutar, irin mai cizo da rana, a yankuna masu zafi na Afirka da Kudancin Amurka. Takan bayyana kwana 3 zuwa 6 bayan cizo. Mafi yawa kan warke bayan zazzaɓi da ciwon jiki, amma wasu kan shiga mataki na biyu, ido ya yi rawaya, hanta da ƙoda su taɓu, jini ya riƙa zuba, kuma kusan rabin waɗanda suka kai nan ba sa tashi. Ba ta da magani na musamman.

Tarihin allurar ya ratsa Yammacin Afirka da Ireland a lokaci guda, abin da ba kowa ya sani ba. A 1927 masu binciken Gidauniyar Rockefeller da ke da sansani a Yaba, Legas, suka ɗebi jinin wani mutum mai suna Asibi a ƙasar da ake kira Ghana a yau, daga jininsa aka ware ƙwayar cutar. Cikin masu aikin akwai Adrian Stokes, likitan da ya yi karatu kuma ya koyar a Kwalejin Trinity ta Dublin. Cutar ta kama shi a bakin aiki, ya rasu a Legas a watan Satumbar wannan shekara. Daga wannan ƙwaya ta Asibi ce Max Theiler ya samar da allurar 17D a 1937, ya samu kyautar Nobel a 1951, kuma zuriyarta ake yi wa mutane har yau.

To me zai sa a nemi katin daga wanda ya fito daga Ireland, ƙasar da ba ta da cutar? Ƙasashe iri biyu ne ke nema. Akwai masu nema daga kowa, ko daga ina ya fito, kamar Ghana da Angola da yankin Guiana na Faransa. Jirgin da ke bin gaɓar Yammacin Afirka ya tsaya Tema ko Takoradi ko Luanda, ko mai kai mutane tsibirin Shaiɗan a gaɓar Guiana, ya faɗa wannan rukuni. Akwai kuma masu nema daga wanda ya biyo ta ƙasar da ke da cutar, kamar Afirka ta Kudu da Indiya da Masar da tsibirai da yawa na Karibiyan. A nan jerin tashoshi ne ke yanke hukunci. Barazil ba ta neman kati daga mai shigowa, amma da zarar jirgi ya tsaya a cikinta ya nufi Cape Town, fasinjan ya zama wanda ya fito daga ƙasa mai cutar. Hanya ɗaya, idan aka bi ta daga gabas zuwa yamma babu kati, idan aka juyo dole kati.

Ƙasashen rukuni na biyu na da hujja. Suna da sauron, ba su da cutar, kuma mutum ɗaya mai ƙwayar a jini ya isa ya kunna wutar. A ɓarkewar Angola ta 2016, ma'aikata 'yan Sin sun koma gida ɗauke da cutar, karo na farko da aka tabbatar da ita a nahiyar Asiya. Ba kuma wasa ake yi da katin ba: a Maris na 2012 Afirka ta Kudu ta mayar da 'yan Najeriya 125 daga filin jirgin Johannesburg kan zargin katinsu na jabu ne, Najeriya ta rama, har sai da Afirka ta Kudu ta nemi afuwa.

Ga abin da nake ganin shi ne zuciyar maganar. Dokar kati an yi ta ne don kare ƙasa daga matafiyi, ba don kare matafiyi daga sauro ba. Saboda haka rashin neman kati ba ya nufin babu haɗari. Barazil ce babban misali. Tsakanin 2016 da 2018 cutar ta bazu har zuwa jihohin São Paulo da Rio de Janeiro, kuma a farkon 2018 wasu 'yan yawon buɗe ido marasa allura suka kamu a tsibirin Ilha Grande, wurin da jiragen yawo ke tsayawa, wasunsu suka mutu. Babu jami'in da ya tambaye su kati a kan iyaka. Haka yawon kogin Amazon zuwa Santarém da Manaus. Mai tambayar kamfani "ana buƙatar allura?" ya tambayi rabin tambaya ne, ɗaya rabin na likita ne. Wanda kuma ya sayi kati ba tare da an yi masa allura ba, kamar yadda wasu suka mayar al'ada, jami'i ya yaudara, sauro bai san da katin ba.

Idan allurar kanta na da haɗari

Allurar shawara mai rai ce, wato ƙwayar cutar ce aka raunana. Ba a yi wa jariri ɗan ƙasa da wata 6, ko mai tsananin rashin jituwa da ƙwai, ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni saboda maganin kansa ko dashen gaɓa, ko mai matsalar wani ƙullin nama na ƙirji da ake kira taimus. Ana taka-tsantsan da mai ciki da mai shayarwa, da wanda ya haura shekara 60, domin munanan illolin allurar, duk da ba kasafai suke faruwa ba, sun fi samun tsofaffi a karon farko. Dogayen tafiye-tafiyen da ke bi ta waɗannan yankuna kuwa masu ritaya ne suka fi cika su.

A nan ra'ayi ya rabu. Likita na iya ganin cewa dattijo ɗan shekara 72 da zai yi awa shida a tashar da haɗarinta kaɗan ne, allurar ta fi tsayawar haɗari a gare shi, sai ya rubuta masa takardar uzuri. Dokokin ƙasa da ƙasa sun san da wannan takarda, amma sun bar wa kowace ƙasa ikon karɓa ko ƙi. Kamfani kuma, don gudun a riƙe masa jirgi, na iya cewa mai uzuri ya hau amma kar ya sauka a wasu tashoshi, ko ya ce sai kati ko ba hawa. Ina tare da likita a wannan gardama: bai dace a matsa wa tsoho ya karɓi allurar da za ta iya cutar da shi don a sauƙaƙa wa kamfani aikin takarda ba. Amma gaskiyar da ke ƙasa ita ce kamfani ke riƙe da ƙofa. Mafita ita ce a nemi matsayinsa a rubuce kafin a biya kuɗin ajiya, idan bai karɓi uzuri ba a sauya hanya.

A Ireland ba kowane asibiti ke yin allurar ba, sai cibiyoyin da aka amince su buga hatimi a kan katin. Alluran tafiya ba kyauta ba ne, ko ga mai katin magani na gwamnati. Ana so a ga likita mako 6 zuwa 8 kafin tafiya. Wanda aka yi wa allurar a Najeriya ko Nijar yana da katinsa na asali, ya adana shi, don ba sai an sake ba.

Alluran da ba a tambaya amma suna da amfani

Jirgi mai mutum dubu uku ko biyar, suna ci a wuri ɗaya suna shaƙar iska ɗaya, gida ne na cututtuka masu yaɗuwa. Duniya ta gani a Fabrairun 2020, lokacin da aka killace Diamond Princess a Yokohama da mutum 3,711, fiye da 700 suka kamu da korona. Sharaɗin allurar korona ya kau a yawancin kamfanoni tsakanin ƙarshen 2022 da 2023, amma ita da ta mura na da amfani ga tsofaffi da masu ciwon suga ko na zuciya. Ƙyanda ma ta dawo Turai. Ireland ta yi rashin wani baligi sanadiyyarta a Fabrairun 2024, kuma a 2019 hukumomin St Lucia sun killace wani jirgi saboda mutum ɗaya da ya kamu. Wanda bai tabbata an yi masa allurar ƙyanda sau biyu ba ya bincika. Ga mai sauka ya ci abinci a gari a ƙasashe masu zafi, akwai ta ciwon hanta nau'in A da ta taifod.

Abu biyu ba su da allurar matafiya. Na farko ƙwayar noro mai sa amai da gudawa, wadda ta fi kowace cuta addabar jiragen yawo. Wanke hannu da sabulu ne maganinta, man shafawa mai sinadari ba ya kashe ta sosai. Na biyu zazzaɓin cizon sauro. Kwana a kan teku na rage haɗari, amma mai kwana a tudu ko mai bin kogi yana buƙatar ƙwayoyin kariya. Wanda ya girma a Kano ko Maraɗi ya daɗe a Turai kada ya dogara da juriyar ƙuruciya, tana gushewa bayan an bar gida.

Idan abu ya lalace, wa zai ɗauki asara?

Dokar Tarayyar Turai ta 2015 kan tafiye-tafiyen da ake sayarwa a dunƙule ta wajabta wa mai sayarwa ya ba da bayani na gaba ɗaya kan fasfo da biza da sharuɗɗan lafiya kafin a ƙulla ciniki. Bayani na gaba ɗaya ke nan, ba binciken halin kowane mutum ba. Dillali ba zai san ka taɓa zuwa Sudan ba, ko matarka fasfon Nijar gare ta, sai ka faɗa masa. Yarjejeniyar kamfanoni kuma ta ɗora alhakin takardu a wuyan fasinja, wanda aka hana hawa saboda rashinsu ba a mayar masa da kuɗi, kuma inshorar tafiya galibi ba ta biyan irin wannan asara. Wurin da ya fi dacewa a duba shi ne shafin shawarwarin tafiya na Ma'aikatar Harkokin Wajen Ireland, ƙasa bayan ƙasa bisa jerin tashoshin, sannan ofishin jakadancin kowace ƙasa. Izinin intanet kuma a nema a shafin gwamnati, domin akwai 'yan tsakiya da ke kwaikwayon shafukan suna ninka kuɗi.

Katin lafiya na Turai da hukumar lafiya ta Ireland, HSE, ke bayarwa kyauta yana aiki a asibitocin gwamnati na ƙasashen Tarayyar idan an sauka tudu. Likitan cikin jirgi kuwa na kuɗi ne, katin ba ya biyansa, ba ya biyan jirgi mai saukar ungulu da zai ɗauke mara lafiya daga teku, ba ya biyan mayar da shi gida. Sai inshorar da ta ambaci yawon jirgin ruwa a fili, wadda aka bayyana mata duk wata tsohuwar rashin lafiya. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mai cikin da zai kai mako 24 a lokacin tafiyar, ko jaririn da bai kai wata 6 ba. Yaron da ke tare da uwa ko uba kaɗai ana iya neman takardar amincewar ɗayan. Magunguna irin su tramadol da kodin, ko da likita ne ya rubuta, a riƙe su cikin kwalinsu tare da takardarsa, domin Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na hukunta shigo da su ba izini.

Wanda ya makara jirgi ya tashi ya bar shi, ko aka kwantar da shi a asibitin wata tasha, ya tashi daga matsayin fasinjan wuni ɗaya ya koma baƙon da ke cikin ƙasa, kuma rangwamen da aka yi wa jirgin ba lallai ya ci gaba da rufe shi ba. Idan fasfonsa ya ɓace a inda Ireland ba ta da ofishin jakadanci, dokar Tarayyar Turai ta ba shi damar shiga ofishin kowace ƙasar Tarayyar ya nemi takardar tafiya ta gaggawa. Matarsa ko ɗansa mai fasfon Najeriya kuwa, ofishin jakadancin Najeriya ne zai ba su tasu takardar.